Tsakar Gidan da Ba Ta da Mai Ita: Shara da Zaman Tare a Birnin Zazzau

Duk wanda ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ya saki babban titin da ya miƙe zuwa Babban Dodo da ƙofar Fada, ya kutsa cikin lungunan Kwarbai ko Kaura ko Unguwar Juma, ba zai yi tafiya mai nisa ba sai ya iske kududdufi a gabansa. In kuwa ya tambayi dattawan wurin asalinsa, za su gaya masa cewa daga nan kakanninsu suka haƙi ƙasar da aka yi tubalin gidajen da ke kewaye da shi, har ramin ya zama matattarar ruwan damina wadda ke ɗauke wa unguwa ambaliya, magina kuma suna ɗiban ruwansa suna kwaɓa ƙasa da rani. A yau sau da yawa irin wannan kududdufi, in ba a cike shi an aza gini a kai ba, ya zama bola, baƙar leda da farar leda sun lulluɓe bakinsa, ruwan da ya kamata ya kwanta a ciki sai ya rasa masauki, ya bi lungu yana cin gindin katangun mutane. Idan aka zauna ana jajanta wannan al'amari a ƙofar gida bayan la'asar, galibi hukuma ake ɗora wa laifi, kuma lalle tana da nata kason. Amma shara ba a bola ake haihuwarta ba, a cikin gida ake haihuwarta, kuma gidan da ya fi kowane haihuwarta a wannan zamani, a ganina, shi ne gidan da baƙin juna suka taru a ciki, kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa, alhali tsakar gida da rijiya da bayan gida da makwarara na kowa ne, watau dai ba na kowa ba.

Zaman baƙi tare a gida ɗaya ba sabon abu ba ne a Zariya. Tun kafin zuwan Turawa garin ya shahara da karatun nahawu da lugga, har almajiran ilimi sukan baro garuruwansu su zo su tare a zaurukan malaman Juma da Kona shekara da shekaru, suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abin da Allah ya hore a akushi ɗaya. Da zamani ya juya, sai makarantun boko suka ƙara wa garin wasu baƙin: Kwalejin Barewa ta tare a Zariya a 1949, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da mazauninta na Samaru da na Kongo, ga Alhudahuda, ga kwalejin horon malamai, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga asibitoci da ma'aikatansu. Mafi yawan waɗannan ɗalibai a wajen ganuwa suke, a Samaru da Kongo da Tudun Wada da Gyallesu, amma tsadar ɗaki ta turo wasu cikin birni. A can kuma sun tarar da gidajen gado waɗanda magada suka raba, wani ya zauna a kasonsa, wani ya koma Kaduna ko Abuja ya zuba 'yan haya a nasa, zaure ya zama ɗakin samari, turakar maigida ta zama ɗakin malamin makaranta da abokinsa. Wani masanin gine-gine, Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya bi gidajen birnin nan yana auna su yana lissafin mazaunansu, ya nuna a littafinsa na 1982 yadda gidan ƙasa ke ƙaruwa da raguwa gwargwadon ƙaruwar iyali da raguwarsu, a gina ɗaki in an yi aure, a bar wani ya rushe in mai shi ya kau. Gidan siminti na haya ba ya yin haka. Ɗakunansa suna nan daram, mutanen ciki ne ke sauyawa duk shekara, kuma wanda ya san baɗi ba ya nan, da wuya ya damu da inda ruwan wanke-wankensa ke kwanciya.

Kafin mu yi hukunci a kan 'yan haya, ya kamata mu tsaya mu dubi yadda gidan gandu na da yake sarrafa abin da ya rage masa, domin a nan ne darasin yake. A ɗauki dawa ko geron da maigida ya ciro daga rumbu da safe. In an sussuka, ƙaiƙayi ya tafi turken dabbobi. In an surfa, dusa ta tafi wurin awaki da tumaki. Ruwan da aka wanke surfen da shi, watau ƙasari, ba a kwarar da shi a ƙasa, tunkiya ce ke shansa. Tsakin da ya fita wajen tankaɗe na kaji ne, in ba a yi fate ko dambu da shi ba. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe, wanda yara ke rububinsa fiye da sabon tuƙi, abin da ya kama a gindin tukunya kuma a kankare shi a shanya, ya zama ƙanzo, a jiƙa shi wata rana a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, shi kansa ƙuli-ƙulin kuwa tunkuzar gyaɗa ce da aka matse wa mai. Abin da ya wuce cikin mutanen gida yana da mai jiransa a bakin zaure, almajiri da ƙoƙonsa yana kiran iya ko ɗan ƙanzo. Tokar murhu a wanke tukwane da ita, a tace ruwanta don miya ko sabulu, a zuba saura a shadda don kashe wari, abin da ya ragu ya haɗu da kashin awaki da sharar tsakar gida a juji. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, in ta fashe sarai sakainarta ta zama abin kwashe shara. Tukunya in ta fashe gindinta ya zama kaskon ruwan kaji. Riga in ta tsufa a rage ta ga yaro, daga yaro ta zama gammo, daga gammo ta zama tsumman sauke tukunya. Hatta baƙin da hayaƙi ya bari a bayan tukunya, almajirai sukan kankare shi su haɗa da ƙaro su yi tawada, a rubuta Alƙur'ani a allo da abin da a yau za mu kira dauɗa.

Wannan tattali bai tsaya a madafa ba, ya game sana'o'in gari har suka zama kowace tana cin ragowar 'yar'uwarta. Katsin da ke kwantawa a gindin karofin marina, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, su ne magina ke haɗawa da ruwan dafara su yi laso, wanda ake shafe soro da shi ruwa ba ya ratsa shi. Ɓawon ɗorawa shi ne makuba. Kuma irin wannan ilimi ne ke hannun su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Juji kuwa dukiya ne da ake yi wa ciniki. Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 zuwa 1979, ya yi suna ne da binciken ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da mangalar taki, har gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu suka daɗe ba su gaji ba. Mutumin Zazzau ba ya buƙatar a fassara masa wannan, domin ganuwarsa ta kewaye gonaki da fadamu tare da gidaje, kuma ya san inda jujin gidansu ke tafiya in bazara ta gabato.

Ba na cewa zamanin da aljanna ne. Talauci yana cikin abin da ya koya wa mutane wannan tsimi, kuma da a ce tsabta ta cika, da En'e ba ta ɗauki dubagari suna shiga gida-gida suna leƙa randa suna cin tara ba. Abin da nake cewa shi ne tsarin ya tsaya ne bisa ginshiƙai biyu. Na farko, kusan duk abin da ke shiga gida daga ƙasa ya fito, ƙasa kuma tana karɓar abinta: ganye ne ke naɗe goro a huhu, kwando da ƙwarya da faifai ake zuwa kasuwa da su. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga zancenmu, babu wani aiki a gida da ba a san mai shi ba: mai girki ta san ranarta, 'yan mata sun san sharar safe da ta yamma tasu ce, samari sun san kwashe turke da gyaran makwarara nasu ne, uwargida tana gani, maigida kuma in ya yi gyaran murya a zaure an san abin da yake nufi. Ginshiƙan nan biyu duka sun karye, kuma sun karye a lokaci guda.

Leda ce ta karya na farko. Ba wai mutane sun fi iyayensu almubazzaranci ba ne. A'a, rashin abin hannu ne ma ya sa ake sayen komai a ƙulle, sukari ƙulli, gishiri ƙulli, man gyaɗa ƙulli, garin sabulu da madara da tumatir kowanne a 'yar jakarsa, ƙosai a leda, koko a leda, sa'an nan mai shago ya haɗa su duka ya zuba a wata baƙar leda, in bai bayar ba mai saye ya ga an rena shi. Ɗalibin da ke sayen abincin yini da yini ya fi mai sayen buhu tara leda nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi biyan tsada. Ga kuma ruwan leda, wanda ya bazu a ƙasar nan tun shekarun 1990 saboda famfo ya gaza: kowace leda rabin lita ce, jaka guda tana ɗauke da 20. Mu ƙaddara samari shida ne a ɗakuna biyu, kowannensu yana shan leda huɗu a yini, wanda ba shi da yawa a zafin watan Afrilu; a wata guda sun zubar da leda 720, ban da jakunkunan da suka zo a ciki, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba za ta ruɓe ba har su gama karatu su yi aure su aurar da 'ya'yansu. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum guda a ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana fitar da shara kimanin kilo 0.46 a rana, abin da bai kai na ƙasashe masu arziki ba ko kusa, kuma a ƙasashe matalauta fiye da rabin sharar abin da ke ruɓewa ne. Ashe ke nan ba yawan sharar ne ya fi damunmu ba, cakuɗuwarta ce: ɓawon doya da tokar da manomi zai yi murna da su, in an cusa su a leda tare da batir da fasasshiyar kwalba da ƙunzugun jariri, sun tashi daga taki sun koma annoba.

Karyewar ginshiƙi na biyu sai mutum ya shiga gidan haya da sassafe zai gan ta da idonsa. Kowane ɗaki da ɗan bokitin shararsa a bakin ƙofa, da rishonsa ko kurfotinsa ko 'yar tukunyar gas, tukwane huɗu ko biyar suna tafasa a lokaci guda, kowace da shinkafa gwangwani biyu. Kowa ya share gaban ɗakinsa tas, ya tura sharar zuwa wata iyaka da ba a zana ba amma kowa ya san ta, har ta taru a gindin rijiya ko bakin makwarara, inda ƙwayoyin shinkafar daren jiya suka toshe ramin, ruwan wanki ya kwanta ya yi kore. In ka tambaya, amsa ɗaya ce a bakin kowa: ba ni na zubar ba, ko kuwa jiya ni na kwashe. Kuma mafi yawansu gaskiya suke faɗa. Ba ƙazamai ba ne. Ɗakunansu a share suke, tufafinsu a goge, ba mai tsayawa salla a cikinsu da najasa a jiki. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ce yau kai ne, gobe wane ne, a kuma ji maganarsa.

A nan ne nake ganin karatun zaure yana da magani, in da za a fito da shi daga littafi a kai shi tsakar gida. Yaron da ya fara Ahalari ko Ishmawi, tun bai yi nisa ba yake shiga babin tsarki, yana koyon cewa ruwan da najasa ta canja wa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba ya tsarkakewa. To, ina hukuncin rijiyar da ke taku kaɗan daga bola, wadda ruwan damina ke tace ƙazantar unguwa yana kai mata? Malamai sun karantar da mu bambancin farali aini, wanda ke kan kowane mutum shi kaɗai, da farali kifaya, wanda in wasu sun yi ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Ban san abin da ya fi tsakar gidan haya kama da wannan kashi na biyu ba. Hadisi ya umarci mutum uku da suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, to, yaya mutum goma da za su shekara ƙarƙashin rufi ɗaya? An kuma ruwaito yabon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'ariyawa saboda al'adarsu ta tara ɗan abin da ya rage musu wuri ɗaya in guzuri ya yi ƙaranci, su raba daidai. An ƙirga kau da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Suratul A'arafi ta hana israfi a ci da sha, Suratul Isra'i ta yi kakkausan zargi ga masu tabziri. Duk wannan sananne ne ga mutanen birnin nan, har ma a kan ji shi a wa'azi. Abin da ba a cika ji ba shi ne a ce wa mutum ledar da ya jefa a kwata, ta toshe ta, ruwa ya shiga ɗakin maƙwabcinsa, tana cikin haƙƙoƙin da za a tambaye shi.

Saboda haka matakin farko ga masu zama tare ba sayen kwandon shara ba ne, zama ne a yi shawara, a naɗa babban gida, ko da shi ne ƙarami a shekaru muddin ya fi haƙuri, domin Hausawa sun ce babba juji ne, kuma lalle za a zuba masa. A rubuta kwanakin shara da wankin bayan gida da yashe makwarara a manna a bango, yadda matan gida ke sanin ranar girkinsu ba tare da gardama ba, a kuma yarda tun farko da abin da za a yi wa wanda ya tsallake ranarsa, ko ya biya wani ya yi masa, ko ya ɗauki kwana biyu. Rubutun yana da amfani fiye da yadda ake zato, saboda kunya ce ke kashe irin wannan tsari: ƙarami ba zai iya cewa Yaya, yau kai ne da shara ba, amma takarda ba ta jin nauyin kowa.

Mataki na biyu, wanda ya fi wuya ya kuma fi riba, shi ne haɗa tukunya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin abinci da na sufuri suka yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, lissafin ya fito fili: wuta ɗaya da za ta dafa wa mutum biyar ba ta cin gas ko gawayin wuta biyar, kuma in an tara kuɗi an je kasuwar Amaru ko Tudun Wada ko Sabon Gari da buhu da galan da roba mai murfi, aka auno shinkafa da wake da tiya, aka sayo mai da kwalba, an tsira daga ribar mai ƙulli, an kuma tsira daga ledarsa. Abinci ma ba ya saura ya lalace, domin abin da ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya ba ya fin na biyar. Amma kada a ɓoye wahalarsa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Akwai mai ci da yawa, akwai mai kawo baƙi kullum, akwai wanda kuɗinsa ba ya zuwa sai ƙarshen wata, akwai kuma gidan da ya haɗa Musulmi da Kirista, ko Bahaushe da Bayarabe da mutumin kudancin Kaduna, kowa da irin cimarsa. Ba dole ba ne a haɗa komai. Waɗanda ba za su iya cin tuwo ɗaya ba suna iya haɗa gas da ruwa da sabulu da tsintsiya, a ajiye littafi a rubuta abin da kowa ya bayar da abin da aka kashe, a karanta shi a gaban kowa, domin zargi ne ke raba irin wannan tarayya tun kafin yunwa ta raba ta.

Batun ruwan sha yana son hattara. Ba daidai ba ne a ce wa mutane su bar ruwan leda su koma rijiyar da ba a amince da ita ba, a garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa duk da babban aikin faɗaɗa ruwan Zariya da madatsar Galma, a ƙasar da kwalara ke ɓulla da damina. Rage shara ba ya halatta jefa rai cikin halaka. Abin da ya dace shi ne gida ya haɗa kuɗi ya sami ruwa mai aminci da yawa, ko babbar gorar da ake mayarwa a sake cikawa, ko a tafasa na famfo ko na burtsatse ko a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta bisa ƙa'ida, a zuba a randa mai murfi da moɗa guda wadda ba a sha da ita, kowa kuma ya riƙe gorarsa in zai fita. Randa tana sanyaya ruwa ba ta jiran a kawo wuta.

Abin da ya rage bayan wannan, a raba shi tun daga hannu, kada a bari ya haɗu. Mai ruɓewa, watau ɓawo da ragowar abinci da toka, yana da masu so a cikin birni har gobe, gama da wuya ka ƙirga gida biyar ba ka sami mai kiwon akuya ko tunkiya ko kaji ba, kuma Hajiyar da ke maƙwabtaka za ta aiko yaro ya karɓi ɓawon dankali da dusa da godiya, sharaɗi dai kada leda ta shiga ciki, domin mahauta sun san irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin dabbar da ta rame ba a san dalili ba. Wanda dabba ba ta ci, a zuba shi a bokiti mai murfi, a riƙa barbaɗa toka, a juye a rami ko buhu har ya zama taki. Murfin nan wajibi ne, saboda abinci a buɗe shi ke kiran ɓera, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Mai sayuwa, watau ƙarfe da gwangwani da goran ruwa da fasasshiyar roba da kwali, na 'yan jari-bola ne, waɗanda ke bin lungu da kura ko buhu da ɗan sikelinsu, kuma ta hannunsu ne tsohon alminiyam ke komawa tukunya, tayar mota ta koma takalmi da guga, tarkacen ƙarfe ya isa kasuwanni irin Panteka ta Kaduna. Ana yi musu kallon raini, wani lokaci ana zarginsu da ɗauke abin da ba a yar ba, kuma akwai ɓata-gari a cikinsu kamar kowace sana'a; amma su ne magadan gyartai da mai jakin taki, kuma gidan da ya san mutum ɗaya amintacce a cikinsu, ya tara masa kaya a buhu ya zo ya auna duk wata, ya sami kuɗin tsintsiya da sabulun wankin bayan gida ba tare da an yi karo-karo ba.

Saura kashi na uku, ledar da ba ta ruɓewa ba ta kuma sayuwa, kuma a kanta ne ake yin kuskure biyu da nake so in tsaya a kansu. Na ɗaya ƙonawa. Da magariba a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta kwanta, hayaƙin leda ba ya tashi sama, yakan bi lungu ya shiga ɗakin tsohuwa mai tari da jariri mai asma, wanda ya kunna wutar kuwa yana ganin ya yi tsabta. In akwai batir a ciki abin ya fi muni. Shari'a ba ta yarda mutum ya kau da cuta daga kansa ta hanyar ɗora ta a kan maƙwabcinsa ba. Na biyu shi ne miƙa wa almajiri bokiti da 'yan kuɗi kaɗan a ce je ka zubar, ba a tambaye shi ina ba. Yaro ne ƙarami, ba takalmin kirki, kaya ya fi ƙarfinsa, kwata ta fi bola kusa. A nan zai juye, kuma alhakin bai bar wuyan wanda ya aike shi ba. In za a sa shi, a rage masa nauyi, a raba shi da kwalba da allura da reza, a nuna masa wurin da aka keɓe, a biya shi ladan da ya yi daidai da tafiyar, a ba shi ruwa da sabulu ya wanke hannu in ya dawo, gama ɗan wani ne da aka kawo amana garin nan neman karatu.

Daga nan kuma aikin ya fi ƙarfin gida. Tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, jihar Kaduna kuma tana da hukumar kare muhalli, KEPA. Amma lungun birni ba a yi shi don babbar mota ba, an yi shi ne don mai ƙafa da jaki da doki, saboda haka duk tsarin da bai fara da baro da kura masu kai shara bakin titi a rana sananniya ba, zai tsaya ne a manyan hanyoyi. Mun ga abin da tilas ke iya yi da abin da ba ta iyawa: tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 aka saba da fitowa sharar gari ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, a yashe kwata a tara a gefen hanya, in mota ba ta zo ba ruwan sama ya mayar da shi inda aka ciro shi. Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci mai kama da kumfa a farkon 2024; a ƙauyen Yelwa kusa da Kaduna kuma an gina gida da goran ruwa cike da yashi a 2011. Waɗannan duka abin lura ne, sai dai doka ba za ta kama a wurinmu ba sai an ba mai koko da mai ƙosai abin da za su zuba a ciki, ko kuwa mai saye ya koma fita da kwanonsa kamar yadda iyayensa suka yi.

Akwai mutum uku a cikin birni da maganarsu ta fi motar shara saurin isa tsakar gida: mai gidan haya, da mai unguwa, da limamin masallacin lungu. Mai gidan da ke zuwa karɓar kuɗinsa sau ɗaya a shekara yana iya sa sharaɗin kwanakin shara da raba ta cikin yarjejeniyar haya, kamar yadda yake sa na kuɗin wuta, ya kuma ajiye durom biyu masu murfi, ya gyara makwarara kafin ya ƙara kuɗin ɗaki. Mai unguwa, wanda ta hannunsa umarnin Fada ke sauka tun kafin a san ƙaramar hukuma, yana iya keɓe wurin tara taki dabam da wurin leda, ya haɗa gidajen da manoman bayan ganuwa na wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Kuyambana, waɗanda tsadar takin zamani ta sa suka koma neman na gargajiya. Lokacin yin wannan kuwa watan Maris da Afrilu ne, sa'ad da manomi ke kai taki gona, kuma kwata tana bushe ana iya yashe ta kafin ruwan Mayu ya sauka.